Yadda Ake Tafiyar da Dogon Hutun Yara Ba Tare da Aljihu Ya Huje Ba

Dogon hutun makarantun boko a arewacin Najeriya yakan faro daga ƙarshen Yuli ya kai farko ko tsakiyar Satumba, mako shida zuwa bakwai ke nan. A Nijar ya fi haka tsawo, sai farkon Oktoba ake komawa aji. Lokaci ne da yake zuwa wa mai gida a karkace. Damina ta yi tsakiya, hatsin bara ya ja baya a rumbu ya yi tsada a kasuwa, sabo bai iso ba, ga kuɗin makaranta da littattafai da kayan sawa na sabuwar shekarar karatu suna jira a gaba. Yara kuma suna gida tun safe har dare, kuma yaron da ba shi da abin yi, ko dai ya yi ta neman abin ci, ko ya maƙale wa waya, ko ya sulale waje ba a san inda ya nufa ba.

Duk wanda ya zauna ya lissafa abin da hutu ke ci zai tarar wurare biyu ne kuɗin ke zurarewa: kuɗin mota, da 'yan saye-sayen ƙofar gida, alewa yanzu, ƙanƙara an jima, kati da data da yamma. Saboda haka mafi yawan abin da za a shirya a nan a cikin gida ko cikin unguwa yake, fita mai cin kuɗi kuwa sau ɗaya ko biyu ta isa idan an tsara ta da kyau.

Lissafi tun kafin a ba da hutu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mako guda kafin a rufe makaranta, mai gida da uwargida su zauna su fara cire kuɗin komawa makaranta su ajiye shi inda hannu ba zai kai ba da sauƙi. Abin da ya rage, komai ƙanƙantarsa, shi ne kuɗin hutu. A raba shi huɗu. Kashi biyu na fita ne, wato kuɗin mota da na shiga da abincin ranar. Kashi ɗaya na kayan aiki: iri, taki, zare, allura, littafin rubutu. Kashi na ƙarshe a bar shi don lalura, domin wata ne na zazzaɓin cizon sauro, kuma gidan da ya kashe komai a makon farko shi ke cin bashin kuɗin magani a mako na huɗu.

Kuɗin kashewa na yara a mayar da shi na mako-mako maimakon na kullum. Yaron da ake ba ɗan abu kowace safiya yakan kashe kafin hantsi ya dawo neman ƙari, amma idan ranar Asabar aka damƙa masa na mako gaba ɗaya aka ce babu ƙari sai wata Asabar, makon farko zai cinye cikin kwana biyu ya yi kuka, mako na biyu zai fara lissafi. A nan ne iyaye kan kasa, su ji tausayi su ƙara, shi ke nan tsarin ya rushe. A saya wa kowane yaro asusun ƙasa, irin na masu tukwane, a rubuta sunansa a jiki, a yi alkawarin ba za a fasa ba sai makon ƙarshe.

Sai tsarin yini. Ba sai an rubuta jadawali irin na makaranta ba, amma yaro ya san me ke biye da me. Bayan Asuba karatun allo ko tilawa, sai shara da wanke-wanke da karin kumallo. Da hantsi, kafin rana ta yi zafi, minti 30 zuwa 40 na karatun boko, ba fiye ba. Idan kuɗin darasin hutu ya gagara, gidaje uku ko huɗu na maƙwabta su haɗa yaransu a zaure ɗaya, a samu ɗalibin babbar sakandare ko na jami'a da shi ma yake hutu ya riƙa bi da su karatu da lissafi, a haɗa masa ɗan ihsani a ƙarshen mako. Kada yaran su wuce goma, kuma a raba masu koyon haɗa baƙi da waɗanda suka iya karatu, in ba haka ba manyan su gaji ƙananan su ɓace. Bayan Azahar hutawa, La'asar Islamiyya ga masu zuwa, sannan wasa har zuwa gab da Magariba.

Lambun buhu

Idan abu ɗaya kawai za a iya yi a hutun nan, to wannan ne ya fi cancanta, domin ruwan sama kyauta ne, yaro yana da abin dubawa kowace safiya, kuma ƙarshensa a tukunyar miya yake.

Ana buƙatar tsohon buhun shinkafa ko na masara, ɗaya ga kowane yaro. Buhun siminti ma yana yi idan an wanke shi sosai. A nannaɗe bakinsa zuwa waje har tsayinsa ya dawo kamar kamu ɗaya, a huda gindinsa da ƙusa ko tsinin wuƙa wuri takwas zuwa goma, a ƙara wasu hudojin a gefe kusa da ƙasa. Wannan hudar ita ce rayuwar shukar a damina. Buhun da ba a huda ba yakan riƙe ruwa, saiwa ta ruɓe, ganye ya yi ɗorawa, yaro ya zaci ƙishi ne ya ƙara ruwa, ya ƙarasa ta.

Haɗin ƙasa: kwano biyu na ƙasar gona ko ta bayan gida mai duhu, kwano ɗaya na taki, kwano ɗaya na yashi, a yi ta maimaitawa har buhu ya kusa cika, a bar kamar faɗin yatsu huɗu a sama. Takin ya zama tsoho wanda ya bushe ya ruɓe, wanda in an murza shi yake wargajewa kamar ƙasa kuma ba ya wari. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona tsiro cikin kwana biyu, ɗanyen na awaki kuma yakan zo da irin ciyawa. A ɗora buhunan kan bulo ko duwatsu don ruwa ya samu hanyar fita, a wurin da rana ke samu aƙalla awa shida, nesa da bakin indararo, domin ruwan indararo ɗaya ya isa ya tone iri gaba ɗaya.

Abin da za a shuka ya danganta da haƙurin yaro. Ƙanana, 'yan shekara huɗu zuwa bakwai, a ba su alayyafo. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, don haka a gauraya rabin cokalin shayi da yashi cikin tafin hannu biyu, a barbaɗa a saman ƙasa, a rufe da ƙasa sama-sama kawai. Idan aka binne shi da zurfi ba zai fito ba, kuma wannan ne kuskuren da aka fi yi. Yakan tsiro cikin kwana uku zuwa biyar, a fara tsinka bayan mako uku zuwa huɗu. In an yanke shi aka bar kamar tsawon yatsa da 'yan ganye, zai sake tohowa a ƙara yanka. Inda ya fito a cunkushe a rage, a bar tazarar yatsu huɗu tsakani, abin da aka cire ya shiga miya.

Manya a ba su kuɓewa. A jiƙa irin a ruwa ya kwana, domin ɓawonsa yana da tauri, wanda ya taso saman ruwa a zubar. A yi rami mai zurfin gaɓar yatsa ɗaya, a sa ƙwaya uku, a rufe. Bayan kwana goma a bar biyu mafi ƙarfi a buhu, a cire sauran. Yaro ba ya son cire shukarsa, sai an zauna an nuna masa cewa in sun yi yawa a buhu ɗaya duk za su tsumbure. Kuɓewa takan fara fure wajen mako na biyar ko na shida, 'ya'ya kuma wajen kwana 50 zuwa 60, wato ko an shuka ta a makon farko na hutu, sai wajen komawa makaranta ko jim kaɗan bayan an koma za a fara cin ta. Da ta fara, a riƙa tsinka duk bayan kwana biyu tun tana tsawon yatsa, in ta ƙosa a jiki uwar takan rage haihuwa. Yakuwa da rama suna da sauƙi, ganyensu na isa tsinka cikin wata guda ko da ɗan ɗori. Tumatir kam a haƙura da shi zuwa sanyi, domin laimar Agusta tana kawo masa cututtukan ganye, yaro ya sha wahala ya tashi a tutar babu.

Ban ruwa sai in an yi kwana biyu ba ruwan sama. A koya wa yaro ya tura yatsa cikin ƙasa, in ya ji danshi ya bari. Abokan gaba uku ne: kaji, awaki da ƙwari. Na biyun farko, a kewaye buhunan da tsohon gidan sauro da ya yage ko ƙaya, amma kada a ɗauki na kwana. Ƙwari kuwa, a daka ganyen darbejiya kamar kilo ɗaya, a jiƙa a ruwa lita biyar ya kwana, a tace da tsumma, a narka ɗan gutsuren sabulun wanki a ciki don ya kama ganye, a yayyafa da yamma sama da ƙarƙashin ganyen, sau ɗaya a mako, a maimaita idan ruwan sama ya wanke. A dakata da shi kwana uku kafin tsinka, a kuma wanke ganyen sosai saboda ɗaci. Maganin feshi na kanti ba shi da wuri a lambun yara.

A ba kowane yaro shafi a littafi ya rubuta ranar shuka, ranar tsiro, ya auna tsayi da rula duk Juma'a. Uwargida kuma ta riƙa sayen ganyen a hannunsa da farashin mai kayan miya, kuɗin ya shiga asusu.

Abu ɗaya da ke tafiya tare da lambu: duk gwangwani, tsohuwar taya ko fasasshiyar tukunya da ke tara ruwa a tsakar gida, a kife ta. Sauro na iya kammala girma daga ƙwai cikin mako ɗaya zuwa kwana goma, don haka a sa yara zagayen kife-kife sau ɗaya a mako.

Wasannin da ba a saya

Dara ta dace da ranar da ruwa ya hana fita, ana yin ta a zaure ko a rumfa. A tona gurabe 30, layi biyar na shida-shida, a ƙasa mai danshi, ko a zana su a kan kwali. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12, ɗaya ya ɗauki tsakuwa, ɗaya ya ɗauki tsinke ko murfin kwalba. Da farko ana ajiyewa ɗaya bayan ɗaya, bi da bi, kuma a wannan matakin ba a yarda a jera uku ba. In 'ya'ya sun ƙare a hannu sai a fara tafiya, gurbi ɗaya gaba, baya ko gefe, ban da karkace. Wanda ya jera uku a layi ya ci, sai ya cire ɗa ɗaya na abokin karawa. Jera huɗu ba ci ba ne. Wanda 'ya'yansa suka kasa uku ya faɗi. Ƙa'idoji kan ɗan bambanta daga gari zuwa gari, don haka a daidaita a kansu kafin a fara, in ba haka ba musu ne zai cinye wasan. Yaron da ya gane yadda ake kafa gidan da kowace tafiya tana ci, ya fara tunanin mataki uku gaba, kuma dattijon unguwa da ya iya dara zai ji daɗin a aiko masa yara.

Langa na son fili mai yashi, ba sumunti ba, ba kuma ƙasa mai santsi bayan ruwa ba. Kafin a fara, yaran da kansu su bi filin su tsince kwalba, ƙusa da ƙaya. A haɗa sa'o'i da sa'o'i, domin ɗan shekara 14 in ya bangaji ɗan takwas da ke tsaye da ƙafa ɗaya, karaya ba ta da nisa. 'Yan mata suna da carafke da 'yar gala-gala da gaɗa da tsallen igiya, duk babu mai cin kobo. Ƙwallo kuwa, tsohuwar safa da aka cusa wa leda da tsumma aka ɗaure ta isa ga ƙanana a tsakar gida, ba ta fasa gilashi, ba ta kifar da tukunya.

Motar gwangwani tana da farin jini, sai dai bakin gwangwani yana yanka. Ga 'yan ƙasa da shekara goma a yi ta kwali: kwalin ashana ko na shayi ya zama jiki, murafen robar lemo huɗu tayoyi, tsinken tsire biyu su zama sandar taya. Babba ne zai huda murafen da ƙusa mai zafi, a tsakiya daidai, in hudar ta karkace motar za ta riƙa ɗingishi. A zura tsinken cikin bututun shan lemo da aka manna a ƙarƙashin kwalin, ta haka tayar ke juyawa ba ta cije ba. Yumɓu ma yana samuwa a damina. A cuɗa shi da ɗan yashi mai laushi, a gina shanu da tukwane da raƙuma, a shanya a inuwa kwana uku zuwa huɗu. Wanda aka kai rana kai tsaye tsagewa yake.

Bayan Isha, musamman in an ɗauke wuta, a shimfiɗa tabarma. "Ga ta nan, ga ta nanku." "Ta zo mu ji ta." Idan akwai kaka a gida ko a maƙwabta, ita ce mai wannan fage, a kuma naɗi muryarta a waya, domin irin wannan ajiya ba a sake samun ta. Yara su riƙa karɓar nasu juyin, ko da za su cakuɗa labarin Gizo da Ƙoƙi da nasu ƙirƙira. Sai kacici-kacici: "Ƙulin ƙulifita," a ce "Gauta." "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." Wanda ya kasa gano tsintsiya ce ya ba da gari. Waya da talabijin a ba su awa ɗaya sananniya a yini, a sauke abin kallo tun da dare lokacin da data ke da rahusa, a kashe data kafin a miƙa wa yaro.

Ranar fita

A ɗauki Kano a misali. A cikin birni kaɗai akwai abin da zai cika yini biyu. Dutsen Dala yana da matakala har sama, daga can ana hango Goron Dutse da hasumiyoyin babban masallaci da rufin tsohon birni, kuma nan ne wurin ba yara labarin Barbushe da Tsumburbura. Gidan Makama, kusa da fadar Sarki, gini ne da ake danganta asalinsa da zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, yanzu gidan tarihi ne mai ɗauke da tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da kayan yaƙi da hotuna. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake lissafa kafuwarta daga 1498, har yanzu ana rini da baba a cikinta. Gidan namun daji na Audu Bako shi ne abin da ƙanana suka fi so, kuma ba ya cika irin cikar da yake yi da Sallah. Wanda ke Katsina yana da hasumiyar Gobarau, na Daura rijiyar Kusugu, na Kaduna Gidan Arewa, na Yamai gidan tarihi na Boubou Hama mai haɗe da gidan dabbobi, na Damagaram tsohuwar unguwar Birni da fadar Sarki.

Kada a haɗa fiye da wuri biyu a rana ɗaya, kuma su zama masu kusa da juna, kamar Gidan Makama da Ƙofar Mata. Kowane ƙarin wuri ƙarin kuɗin mota ne, ga gajiyar yara. Kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, wani babba ya bi ta wurin ko ya tambayi wanda ya je kwanan nan: nawa ne kuɗin shiga na babba da na yaro, ƙarfe nawa ake buɗewa, ana barin shiga da abinci, ana biyan kuɗin ɗaukar hoto. A marina, a yi sallama a nemi izini kafin a ɗaga waya, a kuma tanadi ɗan abin da za a ba wanda ya tsaya ya yi wa yara bayani, mutane ne a bakin sana'arsu.

Alhamis ta fi dacewa. Babu makarantar allo, yawancin Islamiyyu ma suna hutu, wuraren kuma ba su cika kamar Asabar da Lahadi ba. A fita da ƙarfe takwas, a kama hanyar gida kafin La'asar, domin hadarin damina ya fi haɗuwa da yamma, daga gabas yake tasowa, kuma da ruwa ya sauko kuɗin Adaidaita Sahu ya tashi. Dala da safe ake hawa. In an ga gabas ta yi baƙi ko an ji rugugi, a sauko nan take, kan dutse da gindin doguwar bishiya wuraren tsawa ne.

Batun mota, gida mai manya biyu da yara biyar ya fi samun sauƙi idan ya yi shata da mai Adaidaita na unguwa wanda aka sani, a yi ciniki na zuwa da dawowa tun daren jiya, a karɓi lambarsa. In gida biyu suka haɗu suka ɗauki ƙaramar bas suka raba kuɗin, ya fi arha kuma manya masu sa ido sun ƙaru. Ƙa'ida ita ce babba ɗaya ga yara uku ƙanana. Kowane yaro a sa masa takarda mai lambar wayar mahaifi a aljihu, a nuna masa bakin ƙofa a ce in ka ɓace nan za ka tsaya, kuma a ƙirga su duk lokacin da za a tashi daga wuri.

Abinci daga gida. Dafa-duka ko dambu a kula, a ci kafin Azahar tun da sauran zafi. Dafaffiyar gyaɗa da masara sabbi ne a wannan lokaci, suna da arha, suna kuma riƙe ciki. Zoɓo: gwangwanin madara uku na busasshen zoɓo, a ɗauraye shi da sauri don fitar da ƙasa, a tafasa a ruwa lita huɗu da dakakkiyar citta da kanumfari kaɗan na minti 10 zuwa 15, a tace, a sa sukari bayan an sauke, a bar shi ya huce a ɗura a gorunan roba masu tsabta. In akwai wuta a daskarar da rabi tun dare, zai narke a hanya ya sanyaya sauran. Kunun aya ba abin tafiya ba ne, yana lalacewa cikin 'yan sa'o'i in babu sanyi. A riƙe ruwan sha aƙalla lita ɗaya ga kowane mutum, da sabulu, da babbar leda ta rufe kaya in ruwa ya tsuge. Tun a gida a gaya wa yara abu ɗaya kowa zai saya a can, da kuɗinsa na mako. Rashin faɗin wannan ne ke sa a tsaya gaban mai balan-balan ana ja-in-ja.

Sana'a da zuwa ƙauye

Yaro ko yarinya daga shekara 12 za su iya yin awa biyu zuwa uku a rana wajen mai sana'a: tela, mai ɗinkin hula, mai saƙa, mai kitso da lalle, kafinta, mai gyaran waya. Mako shida ba ya mai da yaro gwani, amma ya isa ya iya sa maɓalli, ya yi kalmasa, ya riƙe allurar hula. Uba ko uwa su kai shi da ƙafarsu, wurin wanda aka san halinsa, a faɗi lokacin zuwa da na tashi, a kuma faɗa a fili cewa koyo aka kawo shi. Abin da ke ɓata wannan tsari shi ne yaro ya koma ɗan aike, sayo abinci, kai saƙo, har hutu ya ƙare bai taɓa almakashi ba. Duk ƙarshen mako a ce ya nuna abin da ya koya. Walda, injin niƙa da haɗa sabulu da soda ba na yara ba ne, talla a titi kuma ba ta cikin wannan lissafi.

Zuwa wajen kakanni na mako ɗaya ko biyu yana da daɗi a wannan lokaci, gona ta yi kore, yaran birni su ga yadda gero ke fitar da kai, in an yi sa'a su ci tumu. A tambayi halin hanya kafin a tashi, a yi tafiyar da rana. Kada a tura yara hannu rabbana, su ma can damina ta matse su: a haɗa da ɗan hatsi ko shinkafa, sabulu, sukari, da gidan sauro na yaran. Takalmi rufaffe don shiga gona, a kuma koya musu kakkaɓe shi da safe saboda kunama.

Gargaɗi mafi girma, a birni da ƙauye, shi ne kududdufi. Ramukan da aka haƙi ƙasar gini suna cika a Agusta, bakinsu santsi, zurfinsu ba ya nunawa, kuma kowace damina suna cin yara. Wanda ya tsira daga nutsewa yana iya ɗaukar tsargiya, wadda ƙwayarta ke fitowa daga katantanwar ruwa ta shiga ta fata, bayan makonni a ga jini a fitsari. Tana da magani a asibiti, kada a ɗauke ta alamar balaga. A hana wanka a kududdufi hani mai ƙarfi, haka tsallaka kwata lokacin da ruwa ke gudu, haka fakewa jikin katangar ƙasa da ta sha ruwa.

Gidan da ke da 'yan wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar ya kula da masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin damina da ke bi gida-gida wata-wata. Na kwana uku ne, su ba da na farko, uwa ta ba da na rana ta biyu da ta uku. In za a yi tafiya a tafi da katin. Zazzaɓi in ya zo, a je a yi gwaji a ranar. Gudawa kuma, kafin a isa asibiti, a narka sukari cokalin shayi shida a shafe da gishiri rabin cokalin shayi a ruwa mai tsabta lita ɗaya, wato ledar fiyawata biyu, a riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan, abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo.

Makon ƙarshe na gyaran komawa ne. A dawo da lokacin barci da na tashi irin na makaranta tun saura kwana biyar, a fito da kayan makaranta a gwada, wanda ya koyi ɗinki ya sa maɓallan da suka cire ya saki kalmasar wandon da ya ɗage. A fasa asusu a gaban kowa, yaro ya ƙirga da kansa, ya sayi biro da littafin rubutu daga ciki, sauran ya zaɓi abin da yake so. Daga baya, bayan an koma makaranta, a kowace kuɓewa a bar 'ya'ya biyu su ƙosa su bushe a jiki har su fara tsagewa, a ɓare, a shanya irin a inuwa, a zuba a kwalba da ɗan toka a rufe. Buhunan kuma, in an gama da shukar, a zazzage ƙasar, a ƙara mata taki kwano ɗaya, a ajiye ta zuwa Nuwamba, lokacin latas da tumatir.